Baƙon da Ya Ce Ya Ƙoshi

Shekara shida ina koyar da 'yan ajin nan Turanci, tun suna aji ɗaya hijabinsu na jan ƙasa, sai da ya rage wata biyar su gama sakandare aka ce za a karɓe mini su. Hajiya Kande, shugabar makarantarmu, ita ta kira ni ofis ranar wata Alhamis ta faɗa mini, tana magana tana jera takardun da tun farko a jere suke.

Makarantar tamu ta 'yan mata ce, iyaye suka haɗa hannu suka gina ta a nan Daura, can gefen hanyar Zango, saboda haka abin da kwamitin iyaye ya ce shi ake yi. 'Yan ajin bara ne suka tunzura su. An kira shida daga cikinsu ganawar shiga makarantar koyon jinya, aka yi musu tambaya da Turanci baki da baki, suka tsaya suna kallon silin. Kwamiti ya ce Turancin makarantar nan na takarda ne, ba ya ji, ba ya magana. Har sun samo wani Malam Nu'uman daga Katsina, mai digiri biyu, shi zai karɓi aji shida, ni kuma in koma aji ɗaya.

"Ranki ya daɗe, 'yan ajin bara ai ba ni na koyar da su ba," na ce.

"Na faɗa musu, Safiyatu. Sun ce duk kanwar ja ce."

Ni dai ba a san ni da haɗiye magana ba. Na ce, ni zan yi shuka, in yi noma, in yi maimai, sai an zo girbi a ce in miƙa wa wani lauje? Na ce in ma kora ta za a yi, a bari a ga aikina tukuna. Hajiya ta bar ni na zazzage abin da ke cikina tas, sannan ta ce to, ta ji. Ranar Talata Alhaji Amadu, shugaban kwamitin iyaye, zai zo da Malam Nu'uman su zauna a ajina. Darasin sauraro zan yi, da muryar da yaran ba su saba ji ba, kuma ba a yarda in shirya su ba. In sun ji sun amsa, aji nawa ne. In ba su amsa ba, in ɗauki allina in sauka ƙasa.

Na ce na yarda, na fito ina taku da ƙarfi. Sai da na kai bakin ƙofar makaranta na tuna ba mu da ko kaset ɗaya na Turanci. Muryata kaɗai yaran nan suka sani, ita ma rabinta faɗa ne.

Ranar Lahadi da la'asar na je gidan Yaya Misbahu, wana, don in kai masa kukana. Rediyo da tocila yake sarowa a kasuwar Mai'adua, kuma a ranar ya dawo da kaya. Ina ta bayani yana ta farke kwali, rabin hankalinsa na kan kayansa, sai ya zaro wani littafi da aka cusa a tsakanin rediyoyi ya jefo mini a cinya.

"Ungo, 'yar boko. Da mai ƙosai zan ba, ta naɗe ƙosai da shi."

Bangon littafin duk rubutun Sin ne, da hoton yarinya da yaro sun toshe kunnuwa da abin sauraro. Na buɗe ciki, sai ga Turanci shafi bayan shafi, labarai gajeru da tambayoyi, kowace tambaya da zaɓi uku. A bayan bango an manna faifan sidi a cikin leda. Yaya ya ce wanda ya sayar masa da kayan yana zuwa Caina saro, shi ya ce masa littafin 'yan sakandaren can ne, da shi suke koyon jin Turanci da karanta shi.

Muka sa faifan a ɗaya daga cikin rediyoyinsa masu cin sidi. Wata mata ta yi magana da harshensu, ƙararrawa ta yi ƙara, sai ga Turanci tar, a hankali, kalma bayan kalma, har jaririn goye ma ya gane. Na duba ƙarshen littafi na ga amsoshi a jere. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na yi juyi biyu a tsakar gida da littafin a ka, matar Yaya na dariya har tana riƙe ciki, ni kuwa ina ta faɗin, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Yaya ya ce in tafi da rediyon, amma kada in dawo masa da shi ba eriya.

Ranar Litinin na kai wa Hajiya. Tambayarta ta farko, babu kiɗa a ciki dai ko? Ta ce ba ta son a ce makarantar 'yan mata ana kunna waƙa a aji. Na rantse mata ƙararrawa ce kawai. Ta kulle littafi da faifai a durowarta don kada wani ya ce na leƙa wa yara. Ban damu ba. A ranar har masu gadi sai da na gaishe su sau biyu biyu.

Talata ta zo. Na sa atamfata mai ruwan goro, na sayi sababbin batura, na ce wa kaina ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Yara arba'in da biyu suna zaune tsaf, aka ajiye kujeru uku a gefen allo. Alhaji Amadu dattijo ne, tsohon ɗan kasuwar hatsi, ba ya jin Turanci ko kaɗan kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Malam Nu'uman kuwa na so ƙwarai in same shi mai girman kai don in ji daɗin tsanarsa, sai ga shi siririn mutum mai ladabi, har da russunawa ya gaishe ni. Haushi ya ƙara kama ni.

Alhaji ya karɓi littafin ya yi bisimilla, ya buɗe inda hannunsa ya faɗa. Darasi na sha bakwai. Na rubuta tambayoyin a allo, Malam Nu'uman ya riƙe shafin amsa, na danna rediyo.

Matar nan ta fara bayaninta da harshen Sin. Zakiyya, shugabar aji, wadda bakinta ba ya rufuwa, ta dafe ƙirji.

"Malama, in wannan ne Turancin ai mun shiga uku."

Aji ya fashe da dariya, Alhaji ma sai da rawaninsa ya motsa. Na harare su, ƙararrawa ta kaɗa, aka shiga hira ta farko. Wani mutum ne ya zo gidan wata mata daga tafiya mai nisa, a jirgin ƙasa. Ta ba shi shayi ya sha. Ta ce ko a ƙara masa? Ya ce, "No, thank you," wato a'a, ya gode, ya ƙoshi. Tambaya: me matar za ta yi yanzu? Na farko, ta ƙara masa shayi. Na biyu, ta kwashe kofuna. Na uku, ta tafi kanti.

Na kusa yin dariya don sauƙin abin. Na ce masu cewa na farko su ɗaga hannu, ina shirin wucewa zuwa na biyu. Sai na ga hannuwa sun tashi. Na ƙirga, na sake ƙirgawa. Arba'in da biyu cif, kowace fuska fes da murmushi, suna jira in yaba musu.

Malam Nu'uman ya sunkuya ya rubuta wani abu a takardarsa. Na ce a raina tuntuɓe ne, na danna ta biyu. A wannan, baƙuwa ce ta ce wa matar gida za ta tafi, suka yi sallama a bakin ƙofa, har an ji ƙarar rufe ƙyaure. Tambaya: ina matar gidan take yanzu? A cikin gidanta, ko a kan hanya, ko a tashar mota?

A nan aji ya rabu biyu. Wasu suka ce a kan hanya, wasu suka ce a tasha, har an fara cacar baki a layin baya kan iya inda ya kamata a kai rakiya. Wadda ta ce matar tana cikin gidanta, babu ko ɗaya. Na kalli Hajiya Kande, ta kalli taga.

Malam Nu'uman ya yi gyaran murya ya ce wa Alhaji a hankali, amma kowa ya ji, "Alhaji, tambaya biyu, ba wadda ta samu ko ɗaya. Ina ganin ba su ji abin da aka faɗa ba."

Zuciyata ta tafasa. Na buɗe baki, Hajiya ta yi mini wani kallo, na rufe. A raina kuwa har na fara ganin kaina a aji ɗaya ina koya wa yara yadda ake riƙe biro. Haushin yaran nake ji, haushin kaina nake ji, har da na Yaya Misbahu da bai ba mai ƙosai littafinsa ba.

Malam Nu'uman, don ya yi adalci, ya nemi a maimaita hira ta farko. Da ta ƙare ya miƙe ya tambayi aji da Turanci, me mutumin ya ce? Zakiyya ta maimaita masa maganar kalma da kalma, har da kwaikwayon muryar. Ya ce to, tunda kun ji ya ce ya ƙoshi, don me kuka ce za a ƙara masa?

Sai wata ta miƙe a layin ƙarshe, kusa da bango. Haulatu ce, 'yar wani ƙauye a ƙasar Zango da ke zaune gidan gwaggonta a cikin gari. Shekara shida yarinyar nan ba ta taɓa ɗaga hannu a ajina ba. Rubutunta mai kyau ne, amma in ka tambaye ta sunanta sai ka kai kunne bakinta. Ta riƙe gefen tebur, ta fara magana. Zan juya muku da Hausa, amma wallahi da Turanci ta yi ta, tana tuntuɓe tana tashi.

"Malam, mun ji shi. Amma sau ɗaya kawai ta yi masa tayi. Mutumin da aka yi wa tarbiyya ba ya karɓa a tayin farko. Daga nesa ya zo, ya faɗa da bakinsa. Kofi ɗaya ya sha. Kunya yake ji. In ta kwashe kofuna, zai koma garinsu ya ce an kore shi. Innata in baƙo ya ce ya ƙoshi ba ta ma amsa masa, zubawa take yi."

Ta tsaya ta ja numfashi, ta ƙara da cewa, "Sai dai in matar ba ta son shi. Amma ba a faɗa mana haka ba."

Malam Nu'uman ya ce, har yanzu da Turanci, ai littafi ya ce kofuna za ta kwashe. Kai, da ma bai faɗa ba. Aji ya ɗauka gaba ɗaya. Wannan ta ce wanda ya rubuta littafin bai taɓa yin baƙo ba. Waccan ta ce a saurari muryar mutumin da kyau, ai muryar mai jin yunwa ce. Wata ta koma kan hira ta biyu, ta ce ƙarar ƙyauren da aka ji, matar gida ce ta ja ƙofa ta bi baƙuwarta. Duk da Turanci, don da shi ya tambaye su, wani a daidai, wani a karkace, wani da kalmomin da ni kaina na manta na koya musu. Malam yana karewa suna kawo masa hari ta ko'ina, ya amsa wa ta gabas, ta yamma ta taso.

Zakiyya ce ta gama da shi. Ta miƙe ta gyara hijabi, ta ce, "Malam, don Allah, kai in ka je gidan surukanka aka kawo maka abinci, me kake cewa?"

Sai ya sa takardar amsa ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Aji ya kaure da ihu da buga tebur. Ni ma dariya ta ƙwace mini, ina yi hawaye na zuba, ban san na dariya ne ko na tsoro ba.

Alhaji Amadu ya buga sandarsa a ƙasa. "Kai, ku tsaya! Wai me ake ciki ne? An bar ni a baya."

Hajiya Kande ta yi masa bayani da Hausa tun daga farko. Yana saurare yana gyaɗa kai, har aka zo kan shayi.

"Sau nawa ta yi masa tayin?"

"Sau ɗaya, Alhaji."

"Sau ɗaya! Ta kuma kwashe kofuna?"

"Haka littafi ya ce."

"Inna lillahi. Matarsa ce?"

"A'a, baƙo ne."

"Baƙo! Ashe akwai abin da ya fi rowa." Ya juya ya kalli rediyon kamar matar tana zaune a ciki. "Ɗayar kuma ko zaure ba ta taka ba?"

Sai da aka lallashe shi. Da ya huce ya dubi Malam Nu'uman ya ce, "Malam, tsakani da Allah, wannan rigimar da aka kwashi lokaci ana yi da kai, da wane harshe aka yi ta?"

"Da Turanci, Alhaji," in ji shi, yana share ido. "Amsar littafi dai sun faɗi. Amma wanda bai ji magana ba, ba ya musu a kanta. Sun ji sarai."

Na ji kamar in tashi sama. Amma Alhaji ɗan kasuwa ne, ba a sayar masa da buhu bai zura hannu ciki ba. Ya ce masu gyaran jarrabawa ba 'yan Daura ba ne, littafi za su bi. Ya dube ni. "'Yata, za ki iya sa su amsa yadda mutanen can suke so? Yanzu, a gabana. In sun iya, magana ta ƙare."

Na juya ga aji. Na ce da Hausa, don kada a samu kuskure, "Ku saurare ni. Mutanen cikin faifan nan, abin da suka faɗa shi suke nufi. Duk wanda ya ce ya ƙoshi, ku yarda da shi, ku bar shi da yunwarsa. Tarbiyyarku ku ajiye ta a bakin ƙofa tare da takalma, in an tashi ku ɗauka."

Alhaji ya sake buɗe wani shafi da kansa. Na rubuta tambaya, na danna, ƙararrawa ta kaɗa. Wani mutum ne ya kira abokinsa a waya ya ce yana kwance a asibiti, amma kada ya wahalar da kansa da zuwa, jibi za a sallame shi. Abokin ya ce to, Allah ya sawwaƙe, ko abin da ya yi kama da haka a Turancinsu. Tambaya: me abokin zai yi gobe? Ya je dubiya, ko ya tafi wurin aikinsa, ko ya kai masa abinci?

Na ce masu cewa dubiya. Na ga kafaɗu suna motsi, na ga wata ta danne hannunta na dama da na hagu. Ba hannun da ya tashi. Na ce masu cewa abinci. Wata a tsakiya ta ɗago hannu har kunne, maƙwabciyarta ta fizgo shi ƙasa. Sai na ce masu cewa wurin aiki zai tafi.

Haulatu ce ta fara ɗagawa, ta kawar da fuska gefe. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, kowa fuska a yamutse kamar an ba su maɗaci, har arba'in da biyu suka cika.

"Allah ya yafe mana," in ji Zakiyya.

Malam Nu'uman ya duba shafi ya ce daidai ne. Alhaji Amadu ya dogara sanda ya miƙe, ya ce shi dai bai so amsar ba, amma alkawari alkawari ne, Malama Safiyatu ta riƙe ajinta. Malam kuma in yana so, ga 'yan aji biyar can suna jira.

Ina sane da cewa ni malama ce, ina sane da manya a wurin. Amma abin ya fi ƙarfina. Na kama hanci na rangaɗa guɗa a tsakiyar aji, yara suka amsa, Hajiya Kande tana cewa "Safiyatu! Safiyatu!" tana dariya. Malamin Larabci da ke aji na kusa har ya aiko a tambaya wa ya haihu.

Da baƙi suka fita, aka tashi hutun tara, na tare Haulatu a bakin ƙofa na riƙe hannunta. Na ce, "Ke kuwa, duk wannan Turancin yana cikinki shekara shida, me ya hana ki magana?"

Ta sunkuyar da kai, muryarta ta koma yadda na san ta.

"Malama, ai kullum ke ce da magana. Ban ga inda zan shiga ba."

Na sake ta ta tafi. Na koma na zauna a kujerar da Alhaji ya tashi, ni kaɗai a aji, ina juya maganarta a raina.